Zanen da ke Bayan Nasiru

Ina zaune a mota a ƙofar wata makarantar 'yan mata a Nasiriyya, ina jiran a tashi in kwashi 'ya'yan maigidana, sai wayata ta yi ƙara. Sha biyu da rabi na ranar Talata. Ban san lambar ba. Da na ɗauka, wani mutum ya yi magana da Larabcin 'yan ƙasa, da sauri, ya ce daga ofishin 'yan sanda yake. Ya ce akwai wata waya a hannunsa da aka samu a aljihun wani mutum, kuma lambata ce ta farko a ciki, an rubuta mata Yaya. Mutum ɗaya ne a duk Saudiyya yake kirana haka.

Na ce, "Ina mai wayar?"

Ya ce, "Yana asibiti, a firiji. Yau kwana biyu."

Yaran suka fito, na buɗe musu ƙofa, na kai su gida. Na tsaya a kowace danja. Ƙaramar tana ba babbar labarin wata malama da takalminta ya tsinke, suna dariya. Na sauke su, na ajiye mota inda na saba ajiyewa, sannan na je na ƙwanƙwasa ƙofar falon maigida.

Shekarata biyar a Riyad a lokacin. Direban gida nake, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, tana ƙarƙashin wani dattijo da ake kira Abu Salih. Nasiru ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autanmu, na girme shi da shekara tara. Ni na zo a jirgi da takarduna. Shi ta Sudan ya biyo, ya tsallako teku a kwalekwale, ba biza ba komai. Ranar da ya iso Riyad ya kira ni daga tashar mota, na je na same shi zaune a kan jakarsa. Ya ce, "Yaya, wurin shimfiɗa tabarma kawai nake so a ɗakinka, sati biyu." Ɗakina a jikin katangar gidan Abu Salih yake, ƙofarsa tana kallon titi, kuma kowa ya san dokar: wanda ya ajiye mara takarda, tare za a kore su. Na saya masa abinci, na kai shi wurin wasu 'yan Maraɗi a unguwar Dira, na ce ya zauna da su. Ya ce, "To, Yaya." Bai sake roƙona komai ba. Da farko mukan haɗu wata-wata, daga baya sai waya, daga baya wayar ma ta ja baya. Ranar da aka kira ni, rabona da ganinsa wata goma sha huɗu.

Abu Salih ya saurare ni yana riƙe da kofin gahawa. Ya yi salati, ya ce in ɗauki motar. Har na kai ƙofa ya ce, "Ya Yusuf, kada ka ce musu ya taɓa kwana a gidana."

Na ce, "Bai taɓa ba."

A asibitin wani ɗan sanda mai furfura ya karɓe ni. Ya ce ranar Lahadi wata motar ɗaukar kaya ta ajiye mutumin a ƙofar gaggawa ta yi gaba. Likita ya ce daga sama ya faɗo, ga alama daga gini. Ba takarda a jikinsa, an ɗauki zanen yatsunsa ba a same shi a kwamfuta ba. Muka sauka ƙasa, wani ma'aikaci ɗan Bangaladash ya jawo durowa. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Fuska dai babu wadda za a ce ta wane ce. Tsawon ya yi daidai, launin fata ya yi daidai, amma haka rabin 'yan ƙasarmu suke.

Na ce a juya mini shi. Nasiru yana da tabo a baya, kuma babu wanda ya san tabon kamar ni. Ina ɗan shekara goma sha biyar ina yankan ciyawa a fadama, shi yana ɗan shida ya lallaɓo ya tsuguna a gefena yana kamun fara, ban gan shi ba. Laujen ya shiga daga kafaɗarsa ta hagu ya gangaro kusan zuwa ƙugu. Ni na goya shi zuwa gida, jininsa yana bin ƙafata.

Suka juya shi. Ban ga tabo ba. Abin da na gani zane ne, daga kafaɗa har ƙugu, baƙi a kan baƙi, sai ka matso kake rarrabewa. Wani abu ne mai jikin maciji da saɓar kifi, ƙafafu huɗu da farata irin na shaho, ƙahoni masu rassa, da gashin baki dogo kamar na tarwaɗa. Kansa yana saman kafaɗa, baki a buɗe. Na ja da baya har na bugi durowar da ke bayana.

Ɗan sandan ya ce, "Tinnin ne, macijin tatsuniya. Ɗan'uwanka Musulmi ne?"

Na ce, "Musulmi ne. Ya yi izu talatin kafin ya bar gida. Wannan ba shi ba ne."

"Ka tabbata?"

"Wannan ba ma Bahaushe ba ne."

Ya rubuta. Ya ce ana iya gwajin jini, amma layi ne, yakan ɗauki watanni. Kafin nan mutumin zai ci gaba da kwanciya a inda yake, domin ba a san sunansa ba, ba a san addininsa ba, ba a san maƙabartar da za a kai shi ba. Na ce Allah ya bayyana danginsa. Na hau matakala ina jin sauƙi a ƙirjina. Wannan sauƙin shi ne abin da ba na son tunawa.

Tunda na ce ba shi ba ne, sai ya zama dole in nemo shi. Ba ni da lokaci sai tsakanin kai yara da ɗauko su, sai kuma ranar Juma'a. Na fara da Dira. 'Yan Maraɗin sun tashi daga gidan da na sani, wani Ba'indiye ya cika ɗakin da katan-katan na takalma. Na je wurin Malam Dahiru, wani Bakano mai sayar da turare da carbi a wani lungu bayan tsohuwar fadar Masmak, wanda ya shekara ashirin a garin, kuma duk wanda ya rasa wani a can yake fara tambaya. Ya ce waya ba shaida ba ce, yaran nan sayarwa suke yi in sun matsu, wasu kuma sacewa ake yi. Ya ce kamen marasa takarda ya yi tsanani a 'yan watannin, in fara duba tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Direban gida ba ya shiga tarhil. Amma a bakin shagon akwai wani mutum mai babbar riga da jakar hannu, ya ce shi yana shiga, yana da mutane a ciki. Na ba shi hoton Nasiru da abin da ya nema. Bayan kwana uku ya kira ni ya ce albishirinka. Ya gan shi, lafiyarsa ƙalau, ya rame kaɗan, yana son sabulu da rigar sanyi da ɗan abin kashewa. Na sayo, na kai masa Dira da kaina. Ina miƙa masa ledar na ce, "Me ya ce a faɗa mini?"

"Ya ce a gaida Isuhu, a ce masa kada ya damu."

Na bar masa ledar, na juya. Tun da Nasiru ya fara magana bai taɓa kama sunana ba, ko a gabana ko a bayana. A gidanmu ba a yi.

Kowace Juma'a bayan masallaci Inna takan sa a kira mata ni. Juma'ar farko ta ce, "Ina autana? Ban ji shi ba wannan satin." Na ce aiki ya yi masa yawa. Juma'a ta biyu ta ce, "Wane irin aiki ne da ba a ajiye shi a gaida uwa?" Na ce sun tafi wani gini a bayan gari, babu sabis. Ta ce in na gan shi in ja masa kunne. Na ce to.

A sati na uku Malam Dahiru ya samo mini inda 'yan Maraɗin suka koma, wani tsohon gida a bayan Murabba, mutum tara a ɗaki biyu. Wanda ya buɗe mini ƙofa sunansa Bashari, tare suke aikin gini da Nasiru, amma ranar Lahadin shi wani wuri aka kai shi. Ya ce Nasiru ya fita da safe bai dawo ba. Sun ɗauka kama shi aka yi. Babu mai iƙama a cikinsu, don haka babu wanda ya je tambaya.

Na ce, "Ka taɓa ganin bayansa?"

Ya dube ni. Ya ce, "Tun bayan Babbar Sallah ba ya cire riga a gabanmu. Rub-da-ciki yake kwana. Mun ce ko maruru ne, ya ce i. Muna ce masa maruru wata uku, ai sai a raɗa masa suna."

Ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado. Riguna huɗu, ƙaramin Alƙur'ani, takalmin Juma'a, wani man shafawa na ƙuna, da katin wani shagon aski a Batha.

Bashari ya ce, "Can yake zuwa duk Juma'a in an sauko. Mutumin da kansa ƙwal yake kamar ƙwarya, ban san me ake aske masa duk sati ba."

Ranar Juma'a na tafi Batha. Wanda bai ga Batha ranar Juma'a ba bai ga leburorin Riyad ba. Kowace ƙasa da layinta, kowane layi da warin abincinsa. Shagon yana layin 'yan Filifin, kujera biyu, madubi ɗaya mai tsaga. Mai shagon gajere ne, zai yi shekara hamsin, ana kiransa Rodel. Na nuna masa hoton. Ya kalla da kyau, ya ce da Larabcin nan namu na 'yan aiki, "Ban sani ba, sadiƙ," wato aboki. Ya ci gaba da aski.

Na zauna a benci. Ya gama da mutum uku, duk wanda ya tashi sai ya nuna mini kujera, in girgiza kai. Aka kira la'asar, kowa ya fara sauke ƙofar shagonsa. Ya tsaya riƙe da ƙofar yana jira in fita. Ban tashi ba. Ya sauke ta muna ciki.

Na ce, "Ba 'yan Hai'a masu hisba suka aiko ni ba, ba 'yan sanda ba. Akwai wani mutum a firijin asibiti yau kwana goma sha tara. Akwai zane a bayansa. Ina so in san ko ƙanena ne."

Ya zauna a kujerar askin. Sannan ya ce, "Nasir?"

Na ce, "Nasiru."

Ya tashi ya ɗaga tarin tawul, ya zaro wani littafi mai bangon leda. Ya ce a ƙasarsu wannan ce sana'arsa, a nan kuwa in aka kama shi da allurar, gidan yari ne sannan jirgi. A ɗakinsa na sama yake yi, mutanen da ya yarda da su kawai. Ya ce Nasiru ya fara zuwa aski ne, wata rana ya ga hannun wani da aka yi wa, ya yi ta tambaya. Wata biyu yana zuwa yana buɗa littafin yana rufewa.

Ya buɗe mini. Shafi bayan shafi, duk abin nan ne, iri-iri. Diragon yake kiransa. Na ce a wurinmu dodo abin tsorata yara ne, maciji kuwa sanda ake ɗauko masa. Ya ce ba ɗaya ba ne duka. Ya nuna wani mai fikafikai, wuta tana fita daga bakinsa, ya ce wannan na Turawa ne, mugu ne, yana kwance a kan dukiya yana cin mutane, labarinsa ba ya ƙarewa sai an kashe shi. Ya juya shafi. Ya ce wannan kuwa na Sin ne, kakansa na wajen uwa mutumin can ne, shi ya koya masa. Ba shi da fikafikai amma yana tashi. A kogi yake zama da cikin gajimare, shi yake kawo ruwan sama. Manoma ba gudunsa suke yi ba, roƙonsa suke yi.

Ya ce, "Da na faɗa wa Nasir haka, sai ya rufe littafin ya ce wannan. Ya ce a garinku wanda kuke da shi shanye ruwan yake yi."

Masharuwa yake nufi. Muna yara in bakan gizo ya fito, Inna takan ce shi ke nan, ya shanye hadarin. Ban yi wa Rodel bayani ba.

Ya sa yatsa a kan ƙafar abin ya ce in ƙirga faratan. Ya ce mai biyar na sarki ne kaɗai, a da can talakan da ya sa shi a rigarsa kansa ake cirewa. Mai uku na Japan ne. "Na ce masa yanzu babu sarkin, zaɓi biyar. Ya ce a'a, huɗu, shi ba ɗan kowa ba ne." Ya ce in kan yana kallon ƙasa ma'anarsa daban, in yana kallon sama mutum ne mai neman hawa, shi ya sa 'yan aiki suka fi son mai kallon sama. Yana magana yana duban fuskata. Ni Bagobiri ne, an yi mini zane a kumatu biyu. Kafin a haifi Nasiru mahaifinmu ya hana.

Ya ce, "Kai ma ai kana da naka. Wa ya yi maka?"

Na ce, "Wanzami. Ina jariri. Ba a tambaye ni ba."

Ya ce, "To shi an tambaye shi."

Na ce a bayan mutumin da na gani babu tabo, kuma ƙanena yana da tabo. Ya ɗan yi murmushi, irin na mai sana'a da aka yaba wa aikinsa ba da niyya ba. Ya ce ai saboda tabon ne abin ya lanƙwasa haka. A kansa ya ɗora ƙashin bayan diragon ɗin, tun daga kafaɗa. Tabo ba ya shan tawada da daɗi, sau uku yana komawa wurin, kuma nan ne ya fi zafi. Ya ce Nasiru bai taɓa cewa a tsaya ba.

"Na tambaye shi wa ya yi masa wannan yanka. Ya ce, yayana ne ya fara zanen, kai ƙarasawa za ka yi."

Na ce, "Da dariya ya faɗa?"

Ya yi tunani. Ya ce, "Yana kwance rub-da-ciki. Ban ga fuskarsa ba."

Ya ce saura idanu kawai. Ba a sa wa diragon ido sai ranar ƙarshe, haka kakansa ya koya masa, kafin nan tawada ce kawai. Juma'ar da ta biyo bayan Lahadin nan za su yi. Ya jira shi har magariba.

Aka fara ɗaga ƙofofi a waje. Ya zuba mini ruwa a kofin roba, na sha. Ya ce in ana bukatar shaida zai zo, ko da za a tambaye shi yadda ya sani. Na ce ya zauna, ba zan ambaci shagonsa ba. Ranar ban yi la'asar ba sai da rana ta yi ja.

Daga Batha na wuce wurin Malam Dahiru, domin akwai abin da ban sani ba. Na faɗa masa komai, na ce, "Malam, mai irin wannan a jikinsa ana yi masa sallah?"

Ya ajiye kwalbar da yake cikawa. Ya ce, "Isuhu, ka taɓa jin ya bar sallah?"

Na ce a'a. Bashari ma ya ce shi yake tashinsu da asuba.

"To zunubi ne, ba kafirci ba. In mai zunubi ba a yi masa sallah, ni da kai wa zai tsaya a kanmu? Tashi ka je ka ɗauko ɗan'uwanka. Ya ji sanyi ya isa."

Ranar Lahadi na koma asibiti. Ɗan sandan nan mai furfura ne dai. Aka jawo durowar, aka juya shi. Wannan karon na sa hannu. Na fara daga kafaɗar hagu, ƙarƙashin kan abin, na bi da yatsa biyu. Yana nan, ɗan tudu siriri a ƙarƙashin saɓar, ya gangara ya lanƙwasa. A ƙarshensa akwai wata 'yar ƙugiya inda bakin laujen ya fita, Rodel ya mayar da ita farkon wutsiya. Na bi shi sau biyu. Na duba kan, idanun fili ne, fata ce kawai.

Na ce, "Shi ne. Nasiru sunansa."

Ɗan sandan ya ce, "Wancan karon ka ce ba shi ba ne."

Na ce, "Wancan karon kallo na yi, ban taɓa ba."

Bai ƙara tambaya ba. Ya juyo mini da takardar na sa hannu. Sauran takardun suka ci kwana uku, daga wannan ofis zuwa wancan. Abu Salih ya sa ɗansa ya riƙa kai yara makaranta, bai ce mini komai a kai ba.

Ranar Laraba aka ba mu shi. Muka kai shi ɗakin wankan gawa na wani masallaci, ni da Malam Dahiru. Mai wankan wani tsoho ne ɗan Sudan, ana ce masa Ammu Usman. Ya ce dangi ɗaya ya shigo, na shiga. Tun a mota nake shirya abin da zan faɗa masa in an juya gawar. Da aka juya, ya duba, ya ci gaba da zuba ruwan magarya kamar ba komai. Ni ne na ɗauki soson na fara gogawa. Na san ba ya fita, Rodel ya faɗa mini. Amma na goga, na ƙara ƙarfi.

Ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ya isa, ɗana. Fatarsa ce. Ba a cutar da mamaci."

Na ce, "Ammu, haka zai tafi da shi?"

Ya ce, "Wanda zai je wurinsa ya riga ya gani. Ni shekarata ashirin a ɗakin nan, abin da na gani a nan yake tsayawa. Kai ma yau ka yi wankan gawa, amanar ta hau kanka. Riƙe kafaɗar."

Na riƙe. Muka gama, muka sa kafur, muka naɗe shi a likkafani uku. Bayan la'asar aka jera shi da wasu gawarwaki huɗu, liman ya yi musu sallah tare. Masallacin ya cika da mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Da na waiwaya na hango Bashari a sahun baya, kusa da ƙofa, inda zai iya fita da sauri. A maƙabarta ni na shiga ramin. Babu suna a kaburburan can, dutse ne a kai da dutse a ƙafa. Na ƙirga layi daga katanga, na rubuta a bayan katin iƙamata na leda.

Da na koma ɗakina na kira gida, na ce a kai wa Inna wayar. Na faɗa mata. Ta yi salati, ta maimaita.

Ta ce, "Ka gan shi da idonka?"

"Ni na wanke shi, Inna."

"Fuskarsa fa?"

"Ta ji ciwo. Da tabon lauje na gane shi."

Ta ce, "Allah sarki. Ashe da amfanin da zai yi." Sannan ta ce, "An yi masa sutura da wuri dai? Bai kwana ba?"

Na ce, "An yi masa sallah da la'asar. Mutane sun fi ɗari biyar."

"Alhamdu lillahi. To yau Laraba. Bari in riƙe ranar, saboda sadakar uku da ta arba'in."

Na buɗe baki. A bayanta na ji mata sun fara shigowa, wata ta karɓi wayar tana yi mini gaisuwa.

Daga wannan Larabar Inna ta ƙirga. An yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, duka da ratar kwana ashirin da huɗu. Zancen zanen ba shi da nauyi a kaina, Ammu Usman ya ce amana ce, na riƙe. Kwanakin kuwa ba amanar kowa ba ce, nawa ne, ni na sa ya yi su. Na ƙara shekara uku a gidan Abu Salih, na je gida sau biyu a ciki, yanzu kuma na dawo gaba ɗaya. Ɗakina yana kallon na Inna. Duk shekara in watan ya kama takan toya waina ta raba wa maƙwabta a ranar da ta riƙe, ni nake sayo mata shinkafar. Ban gyara mata ranar ba tukuna.